Yaya Tana Fara Littafi Daga Ƙarshe

Ni ce mai sayo littafin, don haka ni nake kai wa tela ya yanka. Ranar farko da na ajiye sabon littafi a kan kekensa na ce ya raba mini shi uku, dattijon ya cire tabarau, ya dube ni, ya dubi littafin, ya tambaya ko marubucin ya yi mini wani laifi ne. Na ce tukuna dai, sai na karanta. Ya sa reza ya bi gindin littafin a hankali, ya yi wa kowane kashi bango da kwalin sabulu, ya ɗinke da zare mai kauri, yana yi yana girgiza kai.

Ba mugunta ta sa ni wannan aika-aika ba. Mu ƙungiyar karatu ce ta mata, sai dai ba gari ɗaya muke ba. Ina Kankara ina koyarwa, da 'yan matan aure da muke haɗuwa a tsakar gidana. Ƙawata ma'aikaciyar jinya tana Faskari da nata mutanen. Sai yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwar shugabar makarantar firamare, tana Damari ta ƙasar Sabuwa, a gidan mahaifinmu, ita da jikokinta mata biyu, 'ya'yan 'yarta da ta rasu. Littafi kwafi ɗaya nake samowa in na je Funtua ko Katsina. Da can sukutum yake zagayawa, kafin ya dawo daga Sabuwa mu na Kankara mun manta sunan mijin da muka yi niyyar zagi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin jira ba.

Sai muka tsara abin haka. Farkon littafi ya tsaya Kankara, tsakiya ya tafi Faskari, ƙarshe ya tafi Sabuwa. In kowa ya gama, direbobin tasha su juya mana kasonmu, har kowane gari ya karanta duka ukun. Na ɗauki farko ba kunya, tunda ni na wahala na sayo. Na zaci Yaya za ta yi ƙorafi, sai ta ce ai ita an yi mata gata.

"Ba ni ƙarshen, Auta," in ji ta. Haka take kirana har yau, ga furfura a kaina. "Ni tsohuwa ce. In na bi layi, wa ya ba ni tabbacin zan kai?"

Ban yi dariya ba, don ko a lokacin na fara fama da ita a kan ta baro Damari ta dawo wurina, ita kuma ta fara nuna mini ba ta ma ji abin da nake cewa ba.

Wanda bai taɓa karatu irin namu ba, ba zai san yadda inda ka fara littafi yake canza maka ra'ayi ba. Matan Faskari, da yake daga tsakiya suke faɗawa, kullum bayan mugu suke goyo. Su tarar da mutum yana kuka a gidan yari, su tausaya masa, su yi ta aiko saƙon murya suna tsine wa alƙali. Sai farkon littafin ya iso musu a ƙarshe, su ga ashe gonar marayu ya cinye. Ƙawata ba ta taɓa janye maganarta ba. Sai ta ce to ai ta riga ta saba da shi, ba za ta juya masa baya yanzu ba. Na ce Allah Ya kiyaye mu da shaidarki a kotu.

Ni dai ban ɓoye ba, littattafan ƙirƙira suna ƙona mini rai. Ba duka ba, amma yawanci. Yarinya ta shiga ɗaki ta faɗa kan gado ta yi kuka, a shafi na gaba ta sake faɗawa kan gadon nan. Marubuciya ta ɓata shafi guda tana lissafa abincin da aka jera a tebur, wanda ko ita na tabbata ba ta taɓa ci ba. Kowane saurayi yana da kamfani a Abuja, ba wanda ubansa ke sayar da taki. Ina karantawa ina tsaki, ina leƙa shafin gaba, ina tashi in duba tukunyar da na san ba ta nuna ba. Ni dai a ba ni littafin abin da ya faru da gaske: tarihin wani gari, labarin likitan da ya yi aiki a ƙauye, tafiyar wani mahajjaci ta ƙasa a zamanin da. In na rufe irin wannan, ina jin na ƙaru da wani abu da zan iya faɗa a aji.

Yaya kuma ta ce ni ce sakarya. A ganinta ba maƙaryaci irin mai rubuta tarihin kansa.

"Kin taɓa karanta wanda ya ce shi ne azzalumin?" Haka ta tambaye ni a waya, bayan mun gama tarihin wani tsohon ma'aikacin gwamnati da na yaba. "Tun daga shafin hwarko har ƙarshe, kowa ya cuce shi, shi ko bai taka kowa ba. Matarshi ma layi biyu ya ba ta, na aure da na rasuwa. Mai ƙirƙira ko ya hwaɗa maki tun a bango cewa ƙarya zai yi, sai ki iske gaskiya ta kuɓuce mashi a ciki."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda take karatu cikin natsuwa. Tunda ta riga ta san wanda zai mutu da wanda za a saka, in farkon littafin ya iso mata sai ta bi mutanen da tausayi. Ni ina nan ina zagin yarinya don ta yi wauta, Yaya ta ce in bar ta ta ji daɗinta, ba ta san abin da ke jiranta ba. Ba ta gaggawa, ba ta tsallake shafi. Kason Sabuwa kullum shi ne na ƙarshen motsawa, ya iso da ɗigon manja a gefe da ƙamshin hayaƙin murhu.

Da muna haɗuwa gaba ɗaya lokaci-lokaci, yau a nan, gobe a can, mu ci dambu mu yi ta musu har la'asar. Sai hanya ta lalace. Mutanen daji suka fara tare motoci, suka fara shiga ƙauyuka. Direban da ya fi kai mana saƙo ya sayar da motarsa ya koma sayar da lemo. Haɗuwa ta mutu, muka koma saƙon murya. Kowace safiya kafin in ɗora ruwan koko sai na kira Damari, in wayar ta yi ƙara ba a ɗauka ba, sai in yi ta sake kira. Sai can ta kira ni, ta ce tana bayan gida tana ba awaki dusa, lafiya nake nemanta kamar ta ci bashi?

Na roƙe ta, na yi faɗa, na haɗa ta da kawunmu. Na ce ga ɗaki na share, Malam maigidana da kansa ya ce ta zo. Ta ce, "Wai Kankara ce za ki kira ni in ɓuya? Ke da kike cewa Malam ya nemi canjin aiki ku koma Katsina?" Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara hasala. Na ce ko ba komai nan cikin gari ne, akwai jama'a, akwai kwalta. Ta ce can ma akwai jama'a, kuma akwai gonar babanmu, da kabarinsa, da na mijinta, da na 'yarta. Na ce kabari ba ya buƙatar mai gadi. Ta kashe waya, muka yi kwanaki ba ma magana sai ta bakin ƙawata ta Faskari.

Da baki ya gaza, sai na koma ga abin da ke hannuna. Ni ke zaɓen littafi, ai kuwa zan zaɓa.

Na fara da irin nawa. Na samo wani littafin Turanci da wani ɗan jarida ya rubuta a kan wata ƙasa mai nisa, inda yaƙi ya kwashe ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Littafi ne mai nauyi, ya tattara hujja, ya nuna ƙarara cewa waɗanda suka fita da wuri su suka tsira. Matan Kankara suka yi ta gunaguni, wata ta ce ita in tana son tashin hankali rediyo ya ishe ta. Na ce a daure. Na zauna ina jiran hukuncin Sabuwa. Da ya zo, gajere ne. Yaya ta ce mutumin ya iya bincike, amma yana ƙirga mutane kamar buhunan masara, kuma a duk littafin ba wanda ya tsaya ya ɗaure akuya ko ya rufe rumbu kafin ya gudu, don haka ba ta yarda ya taɓa ganin mai gudu da idonsa ba. Ta ce a kawo na gaba.

Na haɗiye girman kaina na shiga neman littafin ƙirƙira. Na samu wani na Hausa a Funtua, a ƙasan tarin littattafan soyayya. Labarin wani gida ne a ƙauyen da ke bakin daji. Maƙwabta suna ta tashi, uwar gidan ta kafe ta ce ba inda za ta. Aka shigo garin, aka yi ɓarna, aka tafi da jikarta. A shafin ƙarshe ta hau bayan babbar mota da tabarma da tukunya ɗaya, tana waiwayen gidan. Rubutun ba wani na a zo a gani ba ne, marubucin yana son kalmar "kwatsam" kamar shi ya ƙirƙiro ta. Amma na karance shi a zama ɗaya kafin in kai wa tela.

A wurin tela na buɗe daidai inda masu bindiga suka shigo garin, na sa yatsa na ce nan za a yanka kason Sabuwa. Ya auna da ido ya ce, "Malama, ai ba su yi daidai ba. Wanga ya kusa rabin littahin." Na ce na sani, Baba, yanka kawai. Ina so in Yaya ta buɗe bangon kwalin nan, abin da za ta fara cin karo da shi ke nan, ba gaisuwa ba shimfiɗa. Har yau ban ga laifina ba. Da akwai littafin da ya fi shi ban tsoro, da shi zan aika.

Kason ya tafi ke nan sai aka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu gaba ɗaya. Aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawa babur. Wayata ta zama abin duba lokaci. Duk da haka ina ɗauke da ita daga ɗaki zuwa madafa, ina dannawa, ina ɗaga ta sama kamar wata sabuwar shiga. A aji sai in tsinci kaina a bakin taga, alli a hannu, yara suna kallona. In an tashi ba na wucewa gida, sai na bi ta tasha na tambayi duk direban da ya fito ta wajen Dandume ko lafiya. Su ce lafiya lau, Malama, irin lafiyar da ake faɗa wa mace don ta matsa ta ba mutane wuri. Malam ya ce in na ci gaba da zirga-zirgar nan zan haƙa rami a tsakar gida.

Kason Faskari ya iso mana, tare da saƙon baka daga ƙawata cewa su fa ba su ga na Sabuwa ba, matanta sun ƙagu su san ƙarshen labari. Wato Yaya ta riƙe shi. Ko dai ta gane abin da na yi ta yi fushi, ko kuma wani abu ya faru. Na rasa wanda zan roƙa a cikin biyun, sai na roƙi fushin.

Ranar wata Asabar, matan ƙungiya suna zaune a tsakar gidana, ana musu a kan ko uwar gidan nan ta cikin littafi jaruma ce ko mai taurin kai ce kawai, sai muka ji sallama. Yaya ce, ta rame, mayafinta duk ƙurar hanya, jikokin nan biyu a bayanta, ɗan dako yana biye da wata ƙatuwar jaka a ka. Na miƙe, sai kawai na fashe da kuka a gaban mutane, ni da nake yi wa 'yan matan littafi dariyar kuka. Daɗi ya kama ni har da wani ɗan alfahari. A raina na ce littafi ya yi abin da kawu ya kasa.

Ta sha ruwa, ta yi sallah, aka gaisa. Sannan ta zaro kason Sabuwa daga jakar hannunta ta ajiye a kan tabarma.

"Telanku ya tsuhwa," ta ce, tana kallona. "Hannunshi ya hwara karkata. Bai taɓa ba ni kaso mai kauri haka ba."

Matan suka yi dariya, ba su san dawan garin ba. Ni na sunkuyar da kai ina gyara kofuna. Wata ta ce, "Hajiya, to mi kika gani? Mu nan mun rabu biyu."

Yaya ta gyara zama, irin zaman da take yi in za ta duba aikin malamai. Ta ce wurin shigowar mutanen dajin marubucin ya rubuta shi daidai, har shirun da karnuka ke yi, da alama ya ji daga bakin wanda abin ya shafa. Ta ce ta karanta wurin ya fi sau ɗaya. Amma marubucin matsoraci ne.

"Ya ɗora tsohuwa bisa mota ya ajiye alƙalami, wai ya gama. To ina motar ta kai ta? Gidan wa ta sauka? Wa ya ba ta ɗaki, ɗakin wa aka kwashe? Matar da ta shekara hamsin tana auna ma mutane hatsi daga rumbunta, ranar da ta hwara jiran a zubo mata tuwo, mi ta ji? Nan littahin ya kamata ya hwara. Duk masu rubutun ga, na gaskiyar da na ƙaryar, a bakin mota suke tsayawa." Ta juyo gare ni. "Ke da kika san kantunan littahi, Auta, ki samo mani wanda ya bi motar."

Na ɗauki kason daga kan tabarma na juya shi a hannu. Ban taɓa karanta irin littafin da take nema ba. Na ce ai tunda ta zo, sai ta rubuta mana shi da kanta. Ta yi murmushi ta ɗauki ƙuli-ƙuli. Kafin a watse ta ƙara magana ɗaya, kamar wadda ta tuna abu a makare. Ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne yarinyar cikin littafin, jikar nan da aka tafi da ita, don ita ba wanda ya tambaye ta ko tana son zama.

Washegari da hantsi na fito daga madafa da kwanon ɗumame, na tarar da ita ta yafa mayafi, jakar hannu a kafaɗa.

"Ina kuma za ki, Yaya?"

"Gida mana. Masara ta isa karya, na bar awaki hannun maƙwabta."

Na dire kwanon har miya ta fantsama. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ban san ina da su a ciki ba. Na ce son kai ne, na ce so take ta kashe ni da raina, na ce wace irin masara ce ta fi ranta. Malam ya fito ya ba ta haƙuri ya ba ni haƙuri. Ita ko ko gezau, ta bar ni na gaji don kaina. Ta ce yaran dai su ɗan kwana biyu a nan tunda makarantarsu a rufe take, in an gama kaka a gani. Ta dafa kan kowacce ta ce su ji maganata, ko da yake ni ma ba jin magana nake ba.

Na raka ta tasha ina fushi, ina riƙe da jakarta kamar in na ƙi saki za ta fasa. Ta shiga gaba kusa da direba, ta miƙo hannu ta taga ta karɓa. Ta ce in aika wa matan Faskari kasonsu, an shiga haƙƙinsu. Motar ta tashi. Ban ɗaga mata hannu ba, kuma na tsaya a wurin har ta sha kwana.

Da na dawo gida, don in samu abin da hannuna zai yi, na jawo ƙatuwar jakar nan in jera wa yaran kayansu. A sama kayan sawa ne da kayan makaranta. Na ɗaga, sai ga rigunan sanyi, alhali ko damina ba ta ƙare ba. Ƙarƙashinsu allunansu ne, da katin asibiti, da hoton uwarsu wanda tun rasuwarta yake rataye a ɗakin Yaya. A can ƙasa kuma, a naɗe cikin tsohon zani, na taɓo atamfofin marigayiyar da 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda Yaya ta sha gaya mini ba mai taɓa su sai ranar auren yaran nan.

Na zauna a ƙasa. Ƙaramar ta leƙo ta tambaye ni a ina za su ajiye takalmansu, na nuna mata bayan ƙofa. Sannan na kife jakar na zazzage ta, na bi kayan ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, ko ɗankwalin Yaya guda babu a ciki.